Filin lantarkin ɗigon caji: akwai shi da gaske, ko dabarar lissafi ce?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum. Malamai da yayyena na wannan zaure, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na juya shi na juya ya ƙi kwanciya. An koya mana cewa filin lantarki a wani wuri shi ne E = F/q, wato ƙarfin turi ko jan da ƙaramin cajin gwaji zai ji idan aka ajiye shi a wurin, a raba da girman cajin. Daga nan aka ce na ɗigon caji Q kuwa E = kQ/r², inda r yake nisan wurin daga cajin. Lissafin ba ya ba ni wahala. Matsalata ita ce: a ta farkon akwai q, a ta biyun ya ɓace. To idan na ɗauke cajin gwajin gaba ɗaya, mene ne ya rage a wurin? Ba abin da ake turawa, ba abin da ake ja, amma a ce mini "akwai fili". Fili na me?

Sai ta biyu: idan r ya yi ta ƙanƙancewa har ya kai sifili, E ya zama ba shi da iyaka. Ta yaya ɗan ƙaramin caji zai haifar da abin da ba shi da iyaka?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki wahalar da kanki. Abin da yake akwai shi ne ƙarfi tsakanin caji biyu, F = kQq/r², dokar Coulomb ke nan. Mutane sun gaji da maimaita lissafi duk sanda aka sauya q, sai suka raba ɓangarorin biyu da q, suka sa wa abin da ya rage suna E. Shi ke nan. Kamar jadawali ne da ke gaya miki: in kin kawo caji nan, ga abin da zai same shi.

Ga misali. Ɗauki maikurokulom 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na kulom, ma'aunin caji. k kusan 9 × 10⁹ ne. A nisan mita 1, E zai zama niwton 9,000 a kan kowane kulom (niwton shi ne ma'aunin ƙarfi). A mita 2 ya faɗo 2,250. A mita 3, 1,000. Idan Q fozitib ne kibiyar ta nufi waje, idan negetib ne ta nufo shi. Iya abin da kike buƙata ke nan, na yi shekaru ina aiki da shi bai taɓa ba ni kunya ba.

Malamin Kimiyya:
Injiniya, lissafinka daidai ne, ban da abin gyara a ciki. Amma amsar da ka ba yarinyar nan ban yarda da ita ba, kuma ba na so ta tafi da ita. Tambayar da ta yi ita ce ainihin tambayar da ta raba kan masana kusan ƙarni guda. Zan dawo kanta bayan na fita daga aji. Kafin nan, 'yata, ki riƙe wannan: ɓacewar q ba kuskure ba ne, shi ne ma abin da ake nema. Ana son wani abu da ya dogara da Q da wurin kaɗai, ba ruwansa da wanda zai zo ya tsaya a wurin.

Ɗan Lissafi:
Kafin Malam ya dawo bari in sa baki a kan r², domin yawancinmu haddace shi muka yi ba tare da an gaya mana daga ina ya fito ba. Me ya sa ba r kawai ba, ko r³?

Ki zana ƙwallo a zuciyarki, cajin yana tsakiyarta daidai. Faɗin fatar ƙwallon 4πr² ne. Yanzu ki ninka E da wannan faɗin: kQ/r² sau 4πr². Me ya faru? r² na sama ya cinye na ƙasa, ya rage 4πkQ, babu r a ciki ko kaɗan. Ma'ana ko ƙwallon ƙarama ce kamar ƙwayar ido, ko ta kai girman duniya, jimillar abin da ke ratsa fatarta ɗaya ne. Ƙarfin bai ɓace a hanya ba, bajewa ya yi. In kin ninka nisa sau 2, fatar ta faɗaɗa sau 4, sai kowane yanki ya sami kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ita ce dokar Gauss, kuma saboda ita ake rubuta k = 1/(4πε₀), inda ε₀ yake 8.85 × 10⁻¹². Wancan 4π ɗin da ke ba ɗalibai haushi, na fatar ƙwallo ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne, in siffar ta sauya, dokar nisan ma sai ta sauya. Doguwar waya miƙaƙƙiya mai caji, filinta yana raguwa da 1/r ne, domin zuwa gefe kawai yake bajewa. Shimfiɗaɗɗen faranti mai faɗin gaske kuwa, a kusa da shi filin ba ya raguwa ma, domin ba shi da inda zai baje. Duk daga ɗigon cajin nan suka fito, tara ɗigo-ɗigo aka yi.

Ɗalibar Fiziks:
Yaya, wannan ya shiga sosai, na gode. Amma ka ce "abin da ke ratsa fatarta". Ka ga kai ma kana magana kamar wani abu ne ke fitowa daga cajin. Shi ne dai tambayata.

Injiniya:
Salon magana ne kawai. Ba abin da ke fitowa. Da wani abu na fita daga cajin da ya ƙare wata rana.

Malamin Kimiyya:
Na dawo. Injiniya, a nan ka yi gaskiya: ba abin da ke kwarara daga caji mai zaune wuri ɗaya, ba ya zubar da komai, ba ya raguwa. Amma rashin kwarara daban, rashin samuwa daban.

Bari in faro daga baya kaɗan. A 1785 Charles-Augustin de Coulomb, injiniyan soja a Faransa, ya rataye wata siririyar sanda a jikin zaren azurfa mai laushin gaske, da 'yar ƙwallo marar nauyi a bakinta. Ya kawo wata ƙwallon mai caji ta taɓa ta, suka raba cajin, sai ta rataye ta gudu, zaren ya murɗe. Ta tsaya a digiri 36. Sai ya kama kan zaren daga sama yana murɗawa don ya tilasta mata dawowa, har tazarar ta koma digiri 18, rabin ta farko. Da ya duba jimillar murɗin zaren, ya kai 144. Wato 36 sau 4. Rabin nisa, ƙarfi ninki huɗu. Ku duba yadda abin yake da sauƙi a faɗa, alhali aikin yana son haƙuri ƙwarai, domin cajin yana zurarewa ta iska tun mutum bai gama karanta ma'aunin ba.

Coulomb da waɗanda suka biyo shi sun ɗauki abin yadda Injiniya ya ɗauka: wannan caji yana taɓa wancan daga nesa, nan take, ba ɗan aike a tsakani. Michael Faraday a Ingila ne ya ƙi yarda. Mutum ne da bai yi zurfi a lissafi ba, a wurin mai ɗinkin littattafai ya yi koyon sana'a, amma yana da ido. Shi a ganinsa sararin da ke tsakanin cajin biyu shi ne inda aikin yake, ya riƙa zana layuka suna fita daga wannan suna shiga wancan. Manyan masu lissafi na zamaninsa ba su ɗauki layukan da muhimmanci ba, sai da James Clerk Maxwell ya zuba su cikin lissafi. A 1865 ya nuna cewa duk wani sauyi a filin yana tafiya ne da gudu mai iyaka, gudun kuma ya zo daidai da na haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa.

To ga tambayata gare ka, Injiniya. Ga caji a hannuna, ga wani can a nisan kilomita 300,000. Na girgiza nawa sau ɗaya, na mayar da shi inda yake, na ɗaure shi. Na kashe kuzari wajen girgizar. Wancan na nesa bai san komai ba tukuna, sai bayan daƙiƙa ɗaya cur zai motsa. A cikin wannan daƙiƙar, nawa yana zaune shiru, wancan yana zaune shiru. Ina kuzarin yake? Ya bar hannuna, bai isa can ba. In ka ce babu komai a tsakani, to ka ce kuzari ya ɓace na daƙiƙa guda sannan ya sake bayyana.

Mai Gyaran Rediyo:
Malam, Allah Ya ƙara basira. Ni ban yi karatun nan mai zurfi ba, amma abin da ka faɗa shi nake gani kullum a kan teburina. Eriyar tasha ai caji take kaɗawa sama da ƙasa, ita kuma eriyar akwatin da ke gabana tana amsawa. In na matsar da akwatin taku biyu murya ta washe, in na juya eriyar ta dushe. Wani abu ne yake wurin nan da babu shi a wurin can.

Malamin Kimiyya:
Haka ne Malam, kuma Heinrich Hertz ya nuna wannan a ɗakin gwaji a Jamus a 1887 zuwa 1888: tartsatsi a wannan kusurwar ɗaki ya haifar da ɗan ƙaramin tartsatsi a zoben waya da ke can gefe, ba abin da ya haɗa su.

Injiniya:
Malam, da girmamawa, ka sauya tambayar. Yarinyar nan a kan caji mai zaune wuri ɗaya ta yi magana, kai kuma ka kawo mai girgiza. Na yarda da igiyar rediyo, wa zai musa? Amma E = kQ/r² na cajin da ba ya motsi ne. A can ba jinkiri, ba saƙo, ba abin da ke tafiya. Ka nuna mini gwaji ɗaya da zai bambance "akwai fili" da "akwai ƙarfi tsakanin caji biyu" alhali komai na zaune. Ba za ka iya ba, domin kafin ka auna sai ka kawo caji na biyu, da ka kawo shi kuwa ka dawo kan dokar Coulomb.

Ɗan Lissafi:
Gaskiya Injiniya yana da hujja a nan, Malam. In komai na tsaye cak, bayanan biyu amsa ɗaya suke bayarwa har ƙarshen lissafi. Har ma a 1945 John Wheeler da Richard Feynman sun gwada gina bayanin lantarki ba tare da fili mai zaman kansa ba, caji yana taɓa caji kai tsaye amma da jinkiri. Ba wasa suka yi ba.

Malamin Kimiyya:
Na karɓi wannan. In komai na zaune, ba ni da gwajin da zan kawo, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Amma ku lura da abu biyu.

Na farko, igiyar da Injiniya ya yarda da ita, girgizar mene ce? Igiyar ruwa girgizar ruwa ce, ba wanda zai ce ruwan yana samuwa ne kawai lokacin da aka jefa dutse. Kafin in girgiza cajin, filin kQ/r² yana shimfiɗe ko'ina kewaye da shi. Da na girgiza, sai lanƙwasa ta shiga cikinsa ta kama tafiya. Bayan ta wuce, abin da ya rage shi ne kQ/r² ɗin nan dai. Abu ɗaya ne a hali biyu. Zai yi mini wuya in ce na gaske ne yana motsi, na ƙarya ne yana hutawa.

Na biyu, babu cajin da ya taɓa zama tun fil azal a inda yake. Wani ne ya kawo shi, kuma a ranar da aka kawo shi labarin ya bazu ne da gudun haske, kusa ta riga nesa ji. Shi kuma aikin su Wheeler, a ƙarshe ba shi ne ya zama hanyar da ake bi ba, Feynman da kansa da fili ya yi aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel.

'Yata, amsata gare ki ita ce: in kin ɗauke cajin gwaji, abin da ya rage wani hali ne da wurin yake ciki, mai girma da alkibla, har da kuzari a ajiye, ½ε₀E² a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Cajin gwaji bai ƙirƙiro shi ba, tona shi ya yi.

Ɗalibar Fiziks:
Malam na gode ƙwarai. Misalin daƙiƙa ɗayan nan shi ya warware mini. Saura ta biyun, maganar sifili.

Mai Gyaran Rediyo:
Kafin a amsa mata, ni ma ina da tawa a kusa da wannan. Me ya sa tartsatsi ya fi son tsini? In akwai wuta mai ƙarfi a cikin akwati, kullum daga bakin waya mai kaifi ko ɗigon dalma da ya yi tsini nake jin tsss ɗin nan, a duhu har shuɗin haske nake gani. Wuri mai santsi ba ya yi.

Injiniya:
Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce, kuma nan fagena ne. Ƙanwata, ba ki taɓa riƙe ɗigon caji ba, ba kuma wanda ya taɓa. Abin da muke da shi ƙwallo ce mai girma. Sa'ar da muka yi ita ce, ƙwallon da caji ya bazu a jikinta daidai-wa-daida, daga waje filinta tamkar duk cajin yana tsakiyarta ne a dunƙule. Newton ya tabbatar da irin wannan ga nauyi tun 1687, kuma lissafin ɗaya ne. Saboda haka kQ/r² yana aiki har ki iso fatar ƙwallon, daga nan ya tsaya. In ƙwallon ƙarfe ce, a cikinta filin sifili ne. Ba ki da hanyar kai r sifili.

Iska ma ba za ta bari ba. Busasshiyar iska tana jure wajen bolt miliyan 3 a kowace mita, bolt a mita da niwton a kulom kuwa abu ɗaya ne. Da an haura haka sai ta fashe ta zama hanyar wuta. Koma kan maikurokulom 1 ɗinmu: a santimita 10 filin 900,000 ne, lafiya lau. A santimita 5 ya kai miliyan 3.6, ya haura. Ke nan in kina son ƙwallo ta riƙe wannan cajin a cikin iska, sai nisan tsakiyarta zuwa fatarta ya kai wajen santimita 5 da rabi. In kika matsa shi a kan mai santimita 1, filin zai nemi miliyan 90, tun kafin ya kai can cajin ya tsere.

Malam mai rediyo, tsini ƙaramar ƙwallo ce ƙwarai. In bolt ɗin bai sauya ba, filin da ke bakin ƙwallo yana tafiya ne da V/r, wato bolt a raba da r, ƙaramin r babban fili. Shi ya sa iskar da ke bakin tsinin take fara karyewa, ita ce ƙarar da shuɗin hasken. Ka goge tsinin ya zama kumburi mai santsi, za ka ji shiru.

Malamin Kimiyya:
Madalla, Injiniya, ban da ƙari a kan wannan sai ɗaya. Ga kayan ɗakin gwaji amsarka ta wadatar. Amma akwai ilektiron, mai caji 1.6 × 10⁻¹⁹ na kulom, wanda duk gwajin da aka yi har yau ba a gano masa girma ba. A wurinsa tambayar yarinyar nan tana nan da ranta. In ka tara kuzarin filinsa har zuwa r = 0, jimillar ba ta da iyaka, kuma wannan ya dami manyan masana shekaru da yawa. Hanyar da Tomonaga da Schwinger da Feynman suka bi suka shawo kan lissafin a shekarun 1940 ita ta ba su Nobel a 1965. A irin wannan ƙanƙantar, kQ/r² shi kaɗai ba ya isa, sai an shigo da dokokin kwantam, masu bayanin abubuwa ƙanana irin ilektiron. Don haka 'yata, ba rashin fahimta ne ya kai ki can ba, bakin iyakar dokar kika taɓo.

Don ki ji girman abin: a cikin ƙwayar zarrar haidurojin, a nisan 5.3 × 10⁻¹¹ na mita daga furoton, filin ya kai wajen bolt biliyan 500 a mita. Caji ɗaya tak, mafi ƙanƙanta, amma r² ya yi ƙanƙantar da ta ɗaga shi haka.

Ɗan Lissafi:
Wani abu da nake so a sani game da lambar 2 ɗin nan ta r²: ba da ma'aunin Coulomb aka fi tabbatar da ita ba. Benjamin Franklin ya lura cewa ɓawon toshiyar kwalba da ya zura cikin gwangwanin ƙarfe mai caji bai ji komai ba. Joseph Priestley a 1767 ya ce wannan alama ce ta dokar r², domin da ita kaɗai turin kowane ɓangare yake soke na kishiyarsa a ciki. Henry Cavendish ya auna da ƙwallo cikin ƙwallo wajen 1773, ya samu 2 ne, kuskuren bai wuce 0.02 ba, amma bai buga ba, sai Maxwell ne ya fitar da takardunsa a 1879. An sake irin gwajin a 1971 da kayan zamani, ya nuna in ma akwai bambanci da 2, bai kai kashi ɗaya cikin 10¹⁵ ba. Auna "babu komai" ya fi auna ƙarfi sauƙin kaiwa ga daidaito.

Ɗalibar Fiziks:
To bari in gwada ko na gane. Caji biyu fozitib, maikurokulom 4 da maikurokulom 1, tazararsu santimita 30. Ina filin zai zama sifili? A tsakaninsu kibiyoyin suna fuskantar juna, don haka ɗebewa zan yi. 4/x² = 1/(30 − x)², sai x ya fito santimita 20 daga babban. Na duba: 36,000 a raba da 0.04 ya ba ni 900,000, sannan 9,000 a raba da 0.01 shi ma 900,000. Da farko na manta ban mayar da santimita mita ba, amsar ta kauce da ninki 10,000, sai da na sake.

Amma a zanen littafinmu layuka 8 ne kawai ke fita daga cajin. Tsakanin layi da layi fa, babu fili?

Malamin Kimiyya:
Lissafinki ya yi. Layukan kuwa mai zane ne ya zaɓi adadinsu, da ya ga dama ya ja 80. Filin yana kowane wuri, har tsakaninsu. Abin da zanen ke faɗa biyu ne: alkibla, da kuma cunkoso, inda suka matsu ƙarfi ya yi yawa. In kina son gani da ido, a zuba guntayen zare ƙanana a cikin mai a faranti marar zurfi, a tsoma bakin waya mai caji sosai a tsakiya. Za ki ga guntayen suna juyawa a hankali, kowanne ya miƙe ya nuna wayar, ko'ina a farantin, ba a wurare 8 kawai ba.

Yanzu mayar da ƙaramin ya zama negetib, ki sake nema.

Injiniya:
Malam, ni dai har yanzu a kan caji mai zaune ina nan a kan bakata, jadawali ne. Amma maganar ina kuzarin yake a cikin daƙiƙar nan, ban sami amsarta ba tukuna, zan kwana da ita.

Ɗalibar Fiziks:
Na samu, Malam. Yanzu a tsakaninsu kibiyoyin gefe ɗaya suka nufa, ba za su soke juna ba. A bayan babban ma ba zai yiwu ba, domin ya fi girma kuma ya fi kusa. Sai dai a bayan ƙaramin: 4/x² = 1/(x − 30)², x ya zama santimita 60 daga babban, 30 daga ƙaramin. 36,000 a raba da 0.36 ya ba da 100,000, haka ma 9,000 a raba da 0.09. In na ajiye ɗan caji a daidai wurin, zai zauna ke nan ba motsi?

Malamin Kimiyya:
Zai zauna muddin ba abin da ya taɓa shi. Amma ki matsar da shi kaɗan ki lissafa inda kibiyar ta nufa, sau ɗaya a kan layin, sau ɗaya zuwa gefe. Ta wata fuskar za a dawo da shi, ta wata kuma za a ƙara kore shi. Samuel Earnshaw ya tabbatar a 1842 cewa ba yadda za a jera caji masu zaune su riƙe wani cajin ta kowace fuska. Gwada da cajin gwaji fozitib a santimita 61 da kuma 59, ki kawo mana abin da kika samu.